Bijimin Ajiya a Garken Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da malamin dabbobi kan zo ƙauye a kan keke, shi ma sai an taki sa'a. Sunan mutumin Nomau. Ku gyara zama, jama'a, ku na baya masu gyangyaɗi har da ku nake.

Nomau ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. Kiwon shanun nama ne sana'arsa. Yakan sayi ramammen sa ya ɗaure a turke, ya yi ta ba shi harawa da dusa da kanwa har tozo ya cika ya kwanta gefe, sannan mahauta su zo su yi ciniki. Yana da ɗan garkensa a bayan gari, mutane kuma suna kawo masa nasu ya kiwata musu. Kullum da safe, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya zaga shanun nan ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa hanci ya ji ko da laima, ya lura da wanda ya daina tuƙa, ya duba kashi, ya ɗaga wutsiya ya cire kaska, ya leƙa tsakanin kofato. Matarsa Tabawa takan ce da ita ma saniya ce da ta ga gata a gidan nan.

Yana da wata doka guda da kowa ya san shi da ita. Baƙuwar dabba ba ta shiga garkensa ranar da ta zo. Can gindin wata tsamiya a bakin hanya yake ɗaure ta, da igiyarta, da kwamin ruwanta ita kaɗai, har wata ya mutu wani ya tsaya. Lokaci lokaci ya kwance ta ya kora ta da gudu, sannan ya tsaya ya kasa kunne ya ji yadda take numfashi. Mutanen gari suna masa tsiya, suna cewa a wurin Nomau ko saniya sai ta yi idda. Shi dai murmushi yake yi, ya ce ciwo ba ya sallama in zai shigo.

To, ku saurara, don yanzu mai labarin zai shigo. Nomau yana da aboki, Jatau, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Jatau ya zama bafatake, yana kai goro da gishiri kasuwanni masu nisa, Allah kuma ya buɗa masa. Mutum ne mai fara'a, mai son a faɗi alherinsa, wurin zamansa ma a ƙofar mai gari yake, kusa da shimfiɗa. Sai dai yana da dangi masu yawa, irin waɗanda in suka ji ka sayi kaza sai biki ya taso musu. A garin nan kuwa akwai al'ada, kun ma san ta, har yanzu ana yi: in mutum ya samu, ba ya so a sani, sai ya sayi dabba ya kai garken wani ajiya, duniya ta ɗauka ta mai garken ce.

Wata rana Jatau ya dawo daga tafiya da wani bijimi bokolo, fari tas, mai faɗin baya. Ya same shi da araha a wata kara, kasuwar shanu mai nisa, arahar da ta kamata ta sa shi tunani, amma daɗi ya hana shi. Bai shiga gari da shi ba, ya zagayo ta bayan gonaki ya kai wa Nomau.

"Mutumina, ga ajiya na kawo maka. Amana ce tsakanina da kai, ko matata ba ta sani ba. Duk wanda ya tambaya, naka ne."

Nomau ya ce, "Ba zan ce nawa ne ba, amma ba wanda zai ji naka ne daga bakina." Ya shafa bijimin, ya yaba, sannan ya kama igiya ya nufi gindin tsamiya.

Jatau ya sha gabansa. "Ina za ka kai shi?"

"Inda kowane baƙo ke sauka."

"A bakin hanya? Farin sa kamar wannan, shi kaɗai tsaye, duk mai wucewa sai ya tsaya ya tambaya. An gan ni a kara, an san yau na dawo. Kafin la'asar ƙannen babana sun haɗa zancen. Don Allah ka cusa shi cikin garke ya ɓace."

"Jatau, ban san inda ya sha ruwa ba, ban san da wa ya kwana ba."

Ran Jatau ya ɓaci. Ya ce, "Dube shi fa. Wannan ne mara lafiya? Ashe ni ma baƙo ne a wurinka. Ba komai, ba ni igiyata."

Jama'a, kun san kunya. Abu ce mai kyau, addini ya yabe ta, amma akwai inda take kai mutum ta baro. Nomau ya tsaya da igiya a hannu, ya dubi tsamiya, ya dubi abokinsa. Ya kora bijimin da gudu sau ɗaya, ya saurara, sai ya ji wani ɗan tari busasshe, guda ɗaya tak. Jatau ya yi maza ya ce ƙurar hanya ce. Nomau ya buɗe garke ya sa shi. Jatau ya koma gida yana jin daɗi, a ransa yana cewa abota ta yi rana.

Rani ne lokacin, ruwa ya janye, duk shanun garin a tafki ɗaya suke sha. Bijimin yana ci yana sha, har ƙiba ya ƙara. Aka ɗan daɗe ba abin da ya faru, har Jatau ya fara zolayar abokinsa da maganar tsamiya. Sai wata safiya Tabawa ta aiko masa cewa maigidanta yana nemansa a garke.

Ya tarar da Nomau tsaye gaban wani jan sa, wanda ya fi kowanne cika a turke. San ya miƙe wuya, ya buɗe ƙafafun gaba, yana nishi kamar mai ɗauke da kaya, harawa a gabansa ko kallonta bai yi ba. Can gefe wata karsana tana tari, majina na zuba.

Nomau ya ce, "Ciwon huhu ne. Na taɓa ganinsa ina saurayi. Akwai dabbar da ke ɗauke da shi ta yi ta yawo lafiya lau, tana raba wa 'yan uwanta da numfashi."

Jatau ya dubi farin bijiminsa yana tuƙa hankali kwance, ya gane inda ciwon ya fito. Amma bafatake ne, nan da nan ƙwaƙwalwarsa ta nemo hanya. Ya ja Nomau gefe ya rage murya.

"Ji nan, wa ya sani?"

"Ni da kai da Tabawa."

"To, a bar shi haka. Waɗannan biyun a yanka a gida. Sauran duk da ƙibarsu, ba mai ganin komai a jikinsu. Na san wata kasuwa can gaba da kogi, ba wanda ya san fuskarka. Ni zan nemo masu kora, ni zan yi dillanci. Ka tsira da wahalarka, in abu ya lafa ka sake sabon garke."

Kada ku ce Nomau bai ji kwaɗayin maganar ba, ya ji. Shanun nan su ne gonarsa, su ne rumbunsa, su ne abin da zai bar wa 'ya'yansa. Daga ƙarshe ya ce, "Wanda ya sayar maka da wannan, haka wani ya ba shi shawara."

"To, ka kashe kanka ke nan?"

"Jiya ma shanuna sun sha ruwa da na mutane. Yau in na yi shiru, gobe za su sake sha. Zan je wurin mai gari."

Jatau ya kama hannun rigarsa. "Ni fa?"

"Na ce ba za a ji daga bakina ba."

Malamanmu sun karantar da mu cewa addini ya hana mai dabba mara lafiya ya kai ta mashayar masu lafiya. Nomau bai yi zurfi a karatu ba, amma wannan ya san shi, ya kuma yi aiki da shi ranar da yin aikin ke da tsada.

Da hantsi ya isa ƙofar mai gari, fada ta cika. Jatau ya riga shi zuwa, yana zaune a wurinsa na kullum. Nomau ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ciwon huhu ya shiga garkena. Na zo in faɗa don a raba shanun gari da tafki, a aika a kira malamin dabbobi. Nawa daga yau ba za su fita ba."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Da aka lafa, wani dattijo mai shanu ya ce, "Ciwon nan ba daga sama yake faɗowa ba. Wannan farin bokolon da muka gani kwanan nan, daga ina ka samo shi? Ban ga ya sauka a tsamiya ba."

Kalma ɗaya ce a kan harshen Jatau, nawa ne, ni na matsa masa. Ya dubi mai gari, ya dubi mutanen da ke tashi su ba shi wuri in ya zo, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da geza ta tabarma.

Nomau ya ce, "Baba, gaskiyarka. Bai sauka a tsamiya ba. Ni na buɗe garke da hannuna na sa shi, na kuwa ji ya yi tari. Laifina ne."

Ku lura, bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Ya faɗi nasa laifin duka, ya bar na wani ga mai shi.

Malamin dabbobi ya zo bayan 'yan kwanaki. Ya sa aka yanka jan san nan, da aka buɗe ƙirji sai ga ruwa rawaya ya cika shi, huhu ya manne da haƙarƙari. Ya yi wa shanun gari allurar rigakafi a bakin wutsiya, ya ce a raba mashaya, duk wadda ta fara tari a ware ta, garken Nomau kuwa kada ko ɗaya ta taka waje. Ya gaya wa mai gari cewa da mutumin nan ya yi shiru, ko ya kora su kasuwa, da ba garin nan kaɗai zai yi kuka ba. Ya faɗa, ya hau kekensa ya tafi, maganar ta bi shi.

Abin da ya zauna a garin shi ne hasara. Kafin a raba mashaya ciwon ya riga ya taɓa wasu gidaje. Mai gari ya rasa shanu, wata tsohuwa ta rasa saniyarta guda ɗaya da take tatsa. Waɗanda suka ba Nomau kiwo suka rasa nasu a cikin garkensa. Shi kuwa ya yi ta jigilar ruwa daga rijiya da kafaɗarsa, safe da yamma, yana shayar da dabbobin da ya san yawancinsu ba za su tashi ba. Wadda ta kwanta ya gyara mata inuwa, wadda ta ƙi ci ya dama mata dusa ya ɗura mata. Suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu aka yanka, wasu aka binne. Farin bijimin ma malamin dabbobi ya sa an yanka shi. Kafin damina ta sauka, garken da ke cike ya koma turaka tsirara.

Mutane fa ba su tuna cewa shi ya zo ya faɗa ba, abin da suka riƙe shi ne shi ya kawo. Suka sa masa suna Nomau mai huhu. Aka ce kwaɗayin araha ne ya sa ya karya dokarsa, aka ce dama tsamiyar tasa ta ganin ido ce. Ba wanda ya ƙara ba shi ko tunkiya kiwo. In ya doso majalisa sai hira ta mutu. Tsohuwar nan in ta gan shi sai ta juya baya. Duk da haka ya riƙa yanko mata ciyawa yana ajiyewa a ƙofar gidanta saboda 'yan awakinta, ba ta taɓa gode masa ba, shi kuma bai fasa ba. Da sayar da ciyawa da ƙwadago a gonakin mutane ya ci gaba da ciyar da gidansa.

Jatau fa? Kada ku ɗauka mugu ne, da mugu ne da labarin bai dame mu ba. Abin yana cinsa. In aka zagi Nomau a gabansa sai ya ce a dai bar wa Allah, ya tashi ya bar wurin. Yakan aika da hatsi gidan Nomau a ɓoye. Kullum yana gaya wa kansa zai faɗa. Da farko ya ce bari zafin hasara ya huce. Da ya huce, ya ce bari ya aurar da ɗansa tukuna, kada surukai su ji. Da aka yi auren, sai aka naɗa shi wakilin 'yan kasuwa, ya ce yanzu kuma ai bai dace ba. Bayan nan sai ya ga abin ya daɗe, tono shi ma tada husuma ne. Kowane dalili da ya kawo mai kyau ne, jama'a, irin dai waɗanda ni da ku muke kawowa.

Sau ɗaya ya je ya sami Nomau a bakin fadama yana ɗaure ciyawa. Ya ga yadda ya rame, gemu ya yi fari, sai hawaye ya zo masa. Ya ce, "Mutumina, in kana so in faɗa, ka ce in faɗa."

Kun ji wayo? Ya ɗauki kayan ya sake ɗora wa wanda ya riga ya gaji. Nomau ya ci gaba da ɗaurinsa, ya ce, "Ni dai na san doka, ni na karya ta. Wannan shi ke hana ni sukuni, ba maganar mutane ba. Sauran kuma tsakaninka ne da Ubangijinka. Taya ni in ɗauka." Jatau ya taya shi ya ɗora dami a ka, ya koma gida yana gaya wa kansa cewa ai Nomau bai nema ba.

Haka shekaru suka yi ta wucewa, har wata damina zazzaɓi ya kwantar da Nomau. Jatau yana kan hanyar fatauci. Ya dawo ya tarar Nomau ya rasu, an riga an kai shi, mutanen da suka raka shi ma ba su da yawa.

Ya tafi gidan, ya sami 'yan tsirarun mutane zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Ya yi gaisuwa, ya zauna, sai ya ji ba zai iya zama ba. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku ji. Farin bijimin nan da ya kawo ciwon huhu nawa ne. Ni na sayo shi, ni na kai ajiya, ni na hana a ɗaure shi a tsamiya. Na ce a kora shanun kasuwa a ɓoye, Nomau ya ƙi."

Ya jira a zage shi, ya ma so a zage shi. Amma mai garin da aka yi abin a gabansa ya rasu, tsohuwar nan ta rasu, dattijon da ya yi tambaya ya rasu. Samarin da ke wurin suka dubi juna, su dai sun taso sun ji ana cewa mai huhu, ba su ma san dalili ba. Wani tsoho ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙansa, aka shafa fatiha.

Sai Tabawa ta yi magana daga cikin zaure, ba ta fito ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Malam Jatau, sannu da ƙoƙari. Bai taɓa faɗin sunanka da sharri ba, ni ma ya hana ni. Amma duk ranar Alhamis sai ya sa na wanke masa rigarsa guda ɗayan nan. Yakan ce, wataƙila gobe bayan an sallame Juma'a Jatau zai tashi ya yi magana, kada mutane su juyo su gan ni da dauɗa."

Jatau ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba. Ashe mutumin yana so. Ashe kowace Juma'a yana bayansa a sahu, da wankakkiyar riga, yana jira. An ce har Jatau ya mutu bai ƙara zama a ƙofar mai gari ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ba shi labarin nan, ko bai tambaya ba. Ta haka ya iso gare mu.

To, 'yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Nomau ya yi kuskure guda, ya bar kunyar aboki ta rinjayi abin da ya sani, ya kuwa biya da duk abin da ya mallaka. Ku masu kiwo, in kun sayo dabba ku ware ta ku lura da ita, ko ta wace ce, ko wa zai ji haushi. In ciwo ya shiga garkenku ku faɗa, ku kira masana, ku tsare ta daga mashayar jama'a. Kada ku wanke mara lafiya ku kai kasuwa ku ce Allah ya rufa asiri, wannan ba rufin asiri ba ne, zuba wa wani musulmi wuta ce a gida. Nomau ya zaɓi ya talauce da ya yi haka, ya riƙe amana har kabari, kuma ina kyautata zaton abin da ya tarar a wurin Ubangiji ya fi garke.

Amma yawancinmu a nan ba Nomau ba ne, Jatau ne. Akwai wanda ke zaune a cikinmu yanzu, ya san wani yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, a gida, ko a kasuwa, ko a wurin aiki, ya kuma san kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke shi. Yana cewa sai lokaci ya yi. Shirun da mai haƙuri ya yi maka ba yana nufin ba ya jin zafi ba ne. Gaskiyar da ka faɗa bayan an binne mai ita, kanka kawai ka sauke wa nauyi, shi ba ta same shi ba. In kana da irin wannan magana, mutumin yana raye, ka san gidansa, kada ka bari rana ta faɗi yau ba ka je ba.

Allah ya jiƙan Nomau, ya yafe wa Jatau, mu kuma ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya tun mai ita yana ji.